Zana Miƙaƙƙen Layi a Giraf da Gano Mahaɗarsa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara idan aka zo babin giraf, tambayoyin ɗalibai kusan ba sa canzawa, fuskoki ne kawai ke sauyawa. Na tattaro su a nan yadda suke zuwa mini. Wasu daga 'yan ƙaramar sakandare ne, wasu daga masu shirin WAEC da NECO, wasu kuma daga iyayen da ke son taya yara aikin gida amma sun daɗe da rabuwa da aji. Mai karatu ya jawo fensir da rula da takarda kusa, domin lissafi ba ya shiga kai da kallo.

Malam, wai mene ne ikwashan na miƙaƙƙen layi, kuma ta yaya zan gane shi da ido?

Ikwashan jumla ce ta lissafi mai alamar daidai a tsakiya. Tana cewa abin da ke hagu da abin da ke dama nauyinsu ɗaya, kamar sikelin mai awo. Idan a cikinta akwai x da y, ko ɗaya daga cikinsu, kowanne tsurarsa, ba a ninka shi da kansa ba, x bai ninka y ba, kuma babu wanda ya faɗa ƙarƙashin layin rabawa, to zanenta miƙaƙƙen layi zai bayar. Ga irinsu: 2x + 3y = 12, da y = 2x − 6, da y = 3.

Da zarar ka hango x² ko y², ko xy, ko wani abu kamar 12/x, ajiye rula. Waɗannan lanƙwasa suke yi, wani kamar ƙwarya, wani kamar baka, kuma babinsu daban ne.

Waɗannan layuka biyu da ake fara ja a takardar giraf fa?

Na kwance shi ne layin x, na tsaye shi ne layin y. Inda suka giciye nan ne cibiya, wato (0, 0). Daga cibiya, dama da sama lambobi suna ƙaruwa, hagu da ƙasa kuma suna ɗauke da alamar ragi. Kowane ɗigo a kan takardar yana da adireshi mai lamba biyu. Idan aka ce (3, 2), ka taso daga cibiya, taku uku dama, sannan taku biyu sama. Idan aka ce (−1, 4), taku ɗaya hagu, huɗu sama.

Kullum x ake fara faɗa. Wanda ke mantawa ya tuna cewa yaro sai ya yi rarrafe kafin ya miƙe: a kwance tukuna, sannan a tsaye.

Mene ne mahaɗa?

Ita ce littattafan Turanci ke kira intasef. Layin da ka zana, in dai a karkace yake, dole ya ratsa layin x a wani wuri, ya ratsa layin y a wani wuri. Waɗannan wurare biyu su ne mahaɗar x da mahaɗar y. Wani ɗalibina ya taɓa cewa tunda yanka layin yake yi, a kira wurin mayanka. Aka yi dariya, muka tsaya a kan mahaɗa.

Yaya ake samo su ba tare da an zana komai ba?

Da sifili. Mu ɗauki 2x + 3y = 12.

Don mahaɗar x, sa sifili a gurbin y. Uku sau sifili sifili ne, saura 2x = 12, ke nan x = 6. Mahaɗar x tana (6, 0).

Don mahaɗar y, sa sifili a gurbin x. Saura 3y = 12, ke nan y = 4. Mahaɗar y tana (0, 4).

A aikace ma ba sai ka rubuta sifilin ba. Ɗora yatsa a kan 3y ka rufe shi, abin da ya rage shi zai ba ka x. Ɗaga yatsan ka rufe 2x, abin da ya rage ya ba ka y. Wanda hannunsa ya faɗa kan gama wannan kafin na kusa da shi ya gama fiƙe fensir.

Nan ne nake rikicewa. Idan mahaɗar x nake nema, me ya sa y zan mayar sifili? Ai da na zaci x ɗin zan mayar.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a babin nan, kuma wanda ya haddace dokar bai gane dalilinta ba, ranar jarrabawa sai ya juya ta.

Ka ɗauki layin x a matsayin dandariyar ƙasa, y kuma hawan bene ne. Mutumin da ke tsaye a ƙasa, hawa nawa ya hau? Ko ɗaya. Yana iya zama a ƙofar gida, yana iya zama can bakin titi, amma in dai ƙafarsa na ƙasa, hawansa sifili ne. Haka duk wani ɗigo da ke kan layin x: (1, 0), (6, 0), (−20, 0). Duba lambarsu ta biyu. Dukkansu sifili. To layinka a lokacin da ya taɓa layin x, shi ma ya sauko ƙasa ke nan, y ɗinsa ya zama sifili. Abin da ya rage maka ka sani shi ne a ina ya sauko, kuma wannan x ne zai faɗa maka. Shi ya sa kake ba wa y sifili, ka bar x ya yi magana.

A layin y kuwa, ɗigon bai gusa dama ba, bai gusa hagu ba, saboda haka x ɗinsa ne sifili, y ya faɗi tsayin.

Wanda kake nema shi kake bari a raye. Idan ka kashe shi da sifili, wa zai ba ka amsa?

Na samu (6, 0) da (0, 4). Sai me?

Sai zane. A kan layin x ƙirga shida dama ka sa ƙaramar alama. A kan layin y ƙirga huɗu sama ka sa wata. Ɗora rula a kan alamomin biyu ka ja layi, kuma ka zarce su ta kowane gefe har inda takarda ta ba ka dama. Ɗalibai da yawa sukan tsayar da layin daidai kan ɗigon farko da na ƙarshe, kamar igiyar shanya tsakanin turaku biyu. Ikwashan ɗin bai ce a tsaya nan ba. Idan x = 9, y zai zama −2, kuma (9, −2) ɗan gida ne a layin. Daga ƙarshe rubuta ikwashan ɗin a jikin layin, ka kuma sa x da y a bakin layukansu.

Ɗigo biyu kawai sun isa? Malaminmu teburi yake sa mu cika da lambobi har bakwai.

Sun isa. Miƙaƙƙen layi ɗaya tak ne zai iya bi ta ɗigo biyu, kuma da zancen jan layi daga ɗigo zuwa ɗigo Iklidis na Iskandariya ya fara ginin ilimin siffofi wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Teburi mai lamba bakwai yana da amfani ga mai koyo, kuma wajibi ne idan layin mai lanƙwasa ne. Idan takardar jarrabawa ta ce a cika teburi, a cika.

Amma ni ɗigo uku nake so, kuma ga dalilina. Ɗigo biyu ba sa taɓa ƙaryata juna. Ko duka biyun kuskure ne, rula za ta haɗa su ta ba ka layi sambal, ka miƙa takarda kana murmushi. Na uku ne shaida. A misalinmu ɗauki x = 3: 6 + 3y = 12, y = 2. Idan (3, 2) ya hau layin, hankalinka ya kwanta. Idan ya ƙi hawa, akwai ɓarawo a cikin ukun.

Idan aka ba ni a siffar y = mx + c fa?

An rage maka rabin aiki. Sa sifili a gurbin x, mx ya ɓace, saura y = c. Wato wannan c ɗin da ke zaune shi kaɗai shi ne mahaɗar y. A y = 2x − 6, mahaɗar y ita ce (0, −6). Kula da alamar ragin, tare da lambar take tafiya. Mahaɗar x kuwa sai ka ɗan yi aiki: 0 = 2x − 6, 2x = 6, x = 3.

Ga tarkon da ke kama mutane. A 2y = 4x + 10, ido zai ce mahaɗar y goma ce. Biyar ce. Sai y ya tsaya shi kaɗai sannan dokar ke aiki, saboda haka raba komai da 2 tukuna: y = 2x + 5. Haka nan 3x − 4y = 24. Rufe 3x, saura −4y = 24, y = −6. Ban san adadin takardun da na gyara na tarar da 6 babu ragi ba.

Idan littafinka ya rubuta y = mx + b, na Amurka ne. Mu a Najeriya da Ghana tsarin Ingila muke bi, mx + c. 'Yan'uwanmu na Nijar masu karatu da Faransanci sukan rubuta y = ax + b. Layin dai shi ne.

Shi kuma m ɗin mene ne aikinsa? Yana da alaƙa da mahaɗa?

Shi ne gangara, wanda ake kira giradiyan a aji. Yana faɗin yawan hawa ko saukar da layi ke yi duk lokacin da ka matsa taku ɗaya dama. A y = 2x − 6, duk taku ɗaya dama layin yana hawa biyu. Idan m na da alamar ragi, sauka yake yi.

Kuma mahaɗa biyu suna ba ka shi kyauta. Daga (0, 4) zuwa (6, 0), layin ya sauka huɗu cikin tafiyar shida. Gangararsa −4/6, wato −2/3. In kana shakka, juya 2x + 3y = 12 ya koma y = −(2/3)x + 4, za ka ga lambobin biyu sun fito, gangara da mahaɗar y.

Don Allah Malam, ban da jarrabawa, ina wannan abin zai amfane ni?

Ina son wannan tambayar ko da da gatse aka yi ta, domin a nan ne mahaɗa ke daina zama ɗigo a takarda.

A ce tankin gidanku ya cika da ruwa lita 500, kuma kullum kuna amfani da lita 50. Ruwan da ya rage bayan kwana x shi ne y = 500 − 50x. Mahaɗar y ita ce 500, ruwan da aka fara da shi kafin a ɗebi ko kofi ɗaya. Mahaɗar x ita ce 10, ranar da famfo zai yi tari ya tsaya, a fara cigiyar mai ruwa. Gangara −50 ita ce abin da kuke sha kullum. Mahaɗa ɗaya ta ce ga inda aka faro, ɗayar ta ce ga inda za a ƙare.

Ko a ce an ba wa uwargida naira 12,000 ta sayo shinkafa da wake, mudun shinkafa 3,000, na wake 2,000. Farashin na misali ne, kada a kai ni kasuwa da shi. Ikwashan shi ne 3000x + 2000y = 12000, in an rage ya koma 3x + 2y = 12. Mahaɗar x huɗu ce: in ta ƙyale wake baki ɗaya, mudu huɗu na shinkafa za ta samu. Mahaɗar y shida ce: in ta ƙyale shinkafa, mudu shida na wake. Duk wani haɗin da kuɗin za su iya saye ba canji yana kan layin da ke tsakanin waɗannan biyu, kamar (2, 3), shinkafa biyu wake uku, wanda shi ne mai hankali zai zaɓa in ana son garau-garau. Duk ɗigon da ke saman layin ya fi ƙarfin aljihu. Wanda ke ƙasansa, za a dawo da canji.

Na ukun shi ya fi burge ni. Mai awara ta kashe naira 3,000 a waken suya da mai da itace da yaji, tana sayar da kowane yanka naira 50. Ribarta y = 50x − 3000. Mahaɗar y tana can ƙasa, −3000. Kafin ta sayar da ko ɗaya, ramin da take ciki ke nan. Mahaɗar x ita ce 60: a yanka na sittin uwar kuɗi ta dawo, daga na sittin da ɗaya riba ta soma. Ku tambayi kowace mai sana'a, za ta faɗa muku wannan lambar da ka, ba giraf ba fensir. Ta san mahaɗar x ɗinta, sunan ne kawai ba ta damu da shi ba.

Abu ɗaya a lura da shi. A lissafi tsantsa layi ba ya ƙarewa, amma a irin waɗannan misalai yana da iyaka. Tanki ba ya riƙe lita −100 a rana ta goma sha biyu. Idan tambaya ta rayuwa ce, sau da yawa mahaɗa ce bakin iyakar layin.

Akwai layin da ba shi da mahaɗa biyu?

Akwai. Layin y = 3 a kwance yake, taku uku sama da layin x, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba za su taɓa gamuwa ba. Mahaɗar y kawai gare shi, (0, 3). Gwada sa y = 0 ka gani: za ka samu 0 = 3, zancen da ba ya yiwuwa, kuma haka lissafi ke cewa babu. Layin x = −2 a tsaye yake, mahaɗar x kawai gare shi, (−2, 0).

Mutane kan juya waɗannan biyu, su zana y = 3 a tsaye saboda layin y a tsaye yake. Maganin shi ne ka rubuto ɗigo biyu ko uku masu y = 3, kamar (0, 3), (1, 3), (5, 3), ka sa su a takarda. Da kansu za su kwanta.

Na gwada y = 2x, mahaɗar x ta ba ni sifili, ta y ma sifili. Na yi kuskure ne?

Ba ka yi ba. Layin ta cibiya ya bi, mahaɗa biyu suka haɗe a ɗigo ɗaya, (0, 0). Duk ikwashan da ba shi da lamba zaune ita kaɗai haka yake yi. Sai ka nemo wani ɗigon da kanka: x = 2 ya ba da (2, 4), x = −1 ya ba da (−1, −2). Ga uku, ja layi.

Idan mahaɗar ba cikakkiyar lamba ba ce fa, kamar 7/3?

Amsa ce halastacciya, kada ka goge aikinka don kawai lamba ba ta yi kyau ba. A 3x + 2y = 7, mahaɗar x ita ce 7/3, wajen 2.3, ta y kuma 3.5. Idan tambaya ta ce a faɗi mahaɗa, rubuta 7/3 yadda take. Wajen zane kuwa, ba dole ba ne ka dogara da ita. Nemo ɗigo masu cikakkun lambobi: x = 1 ya ba da (1, 2), x = 3 ya ba da (3, −1). Zana da su, sannan ka duba ko layin ya ratsa layin x ɗan gaba da 2 kaɗan. Mahaɗar ta koma shaida ke nan.

Lambobin duniya ma ba kasafai suke zuwa a cike ba. Dubi ma'aunin zafi: F = 1.8C + 32. Mahaɗar F ita ce 32, wato sifilin Salshiyos, inda ruwa ke ƙanƙara, daidai yake da 32 a Faranhait. Ɗaya mahaɗar kuwa wajen −17.8 ce. Da wannan layin za ka ga zafin bazara na 40 da ake sha a Kano da Sakkwato da Yamai, Ba'amurke 104 zai kira shi, zafin jikin mai lafiya na 37 kuma 98.6.

Yaya zan zaɓi sikeli?

Idan an ba ka, bi shi sau da ƙafa. Tambayoyin WAEC da NECO sukan ce a ɗauki santimita 2 a matsayin 1 a layin x, santimita 2 a matsayin 5 ko 10 a layin y, kuma akwai maki a kan bin wannan. Idan ba a ba ka ba, fara lissafa mahaɗa biyun kafin ka ja ko layi ɗaya, domin su ne za su faɗa maka faɗin filin da kake bukata da inda za ka ajiye cibiya. Wanda mahaɗarsa ta y take −6 amma ya ja layin x a ƙasan takarda can, sai ya goge ya sake.

Zaɓi 1, 2, 5 ko 10 ga kowane babban gida. Guji 3 da 7. A takardar da babban gidanta ke da ƙananan gidaje goma, in babban ya zama 1, kowane ƙarami 0.1 ne, karatu ya yi sauƙi. In ka ce babban ya zama 3, kai da fensirinka za ku sha wuya. Ba laifi ba ne sikelin x ya bambanta da na y. Laifin shi ne ya canza a tsakiyar layi ɗaya, a tashi daga 0, 5, 10 a yi tsalle zuwa 20.

A firaktikal na fiziks na karanta mahaɗa daga giraf, aka ce ba daidai ba. Alhali nan layin ya taɓa.

Duba inda lambobinka na kwance suka fara. A firaktikal ana yawan fara su daga 20 ko 40 don a cika takarda. In haka ne, layin tsayen da ke gefen takardarka ba layin x = 0 ba ne, layin x = 20 ne, kuma inda zanenka ya taɓa shi ba mahaɗar y ba ce. Duk tambayar da za ta nemi mahaɗa, fara lambobin kwance daga sifili. In ka riga ka zana, samo gangara, ɗauki ɗigo ɗaya a kan layin, sa su cikin y = mx + c ka fitar da c da lissafi.

Idan mahaɗa aka ba ni aka ce in samo ikwashan fa?

Akwai gajeriyar hanya: x/a + y/b = 1, inda a take mahaɗar x, b mahaɗar y. Layin da ya ratsa a (5, 0) da (0, 2) shi ne x/5 + y/2 = 1. Ninka komai da 10: 2x + 5y = 10. Rufe da yatsa ka gwada, 5 da 2 za su dawo. Hanyar ba ta aiki ga layin da ya bi ta cibiya, domin ba a raba lamba da sifili.

Masu JAMB su riƙe wannan da kyau, tunda a kwamfuta ake yi, babu takardar giraf, lokaci kuma gajere. Idan aka nuna zane aka jero ikwashan huɗu, karanta mahaɗa biyun daga zanen ka gwada kowanne da yatsa. Idan kuma aka tambayi faɗin alwatikan da layi ya yi da layukan x da y, mahaɗa biyun su ne gindi da tsayi. Ga 2x + 3y = 12, rabin 6 sau 4, wato 12.

Layi biyu a takarda ɗaya, me mahaɗarsu da juna ke nufi?

Ɗigon da suka giciye shi ne kaɗai ya gamsar da ikwashan biyun lokaci guda. A ce a wani gida akwai kaji da awaki, kawuna 10, ƙafafu 28. Kaji x, awaki y. Kawuna: x + y = 10, mahaɗarsa (10, 0) da (0, 10). Ƙafafu: 2x + 4y = 28, mahaɗarsa (14, 0) da (0, 7). Zana su biyun, za su gamu a (6, 4). Kaji shida ƙafa goma sha biyu, awaki huɗu ƙafa goma sha shida, jimla ashirin da takwas. Idan layuka biyu gangararsu ɗaya amma mahaɗar y ɗinsu daban, ba za su gamu ba har abada, kuma ikwashan biyun ba su da amsa tare.

Wa ya ƙirƙiro wannan abu ne?

Aljabra ta riga giraf da ƙarnuka. Kalmar ma daga al-jabr take, a sunan littafin da Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma da kalmomi zalla ya warware lissafinsa, ba x ba y. Auren aljabra da zane Faransawa biyu ne suka ɗaura shi. René Descartes ya buga aikinsa a kan haka a 1637, Pierre de Fermat kuma ya kai ga irin wannan tunani a zamani ɗaya ta hanyarsa. Al'adar ɗaukar haruffan ƙarshe, x da y da z, ga abin da ba a sani ba, da na farko, a da b da c, ga abin da aka sani, daga Descartes muka gaje ta. In haruffan ne ke ba ka haushi, ka san wanda za ka yi kuka da shi.

Ai akwai manhajar waya da ke zanawa. Me zai sa in wahala?

Akwai, GeoGebra da Desmos duka kyauta ne kuma suna da kyau. Ina ba da shawarar a yi amfani da su, amma bayan an zana da hannu, don dubawa. Akwai kuma wasan da nake so: rubuta y = 2x + 1, ka riƙa canza 1 ɗin zuwa 3, zuwa −4, ka ga layin yana hawa yana sauka ba tare da ya sauya karkata ba. Sannan ka bar 1 ka riƙa canza 2, ka ga yana juyawa a kan (0, 1) kamar ƙyaure a bakin ƙofa. Minti biyar na wannan ya fi bayanin allo na awa guda. Waya dai ba ta shiga ɗakin jarrabawa.

Ɗigona uku sun ƙi hawa layi ɗaya. Ta ina zan fara neman kuskuren?

Kada ka lanƙwasa layin don ya bi ta kansu, kuma kada ka yi masa kauri da fensir don ya shafe su duka. Mai gyara takarda ya san wannan dabarar, shi ma ya taɓa zama ɗalibi.

Mayar da kowane ɗigo cikin ikwashan na asali, ɗaya bayan ɗaya. A ce kana zana 3x − 4y = 24, ka samu (8, 0), (0, 6) da (4, −3). Na farko: 24 − 0 = 24, ya wuce. Na uku: 12 + 12 = 24, ya wuce. Na biyu: 0 − 24 = −24, an kama shi, alamar ragi ce ta faɗi a hanya, (0, −6) ne daidai.

Idan duka ukun suka wuce wannan gwaji, to lissafinka lafiya lau, matsalar a takarda take. Duba ko ka sa (8, 0) a kan layin y maimakon layin x, wanda shi ne kuskuren da na fi gani. In ba shi ba ne, koma cibiya ka sake ƙirga gidajen da bakin fensir, kana tuna cewa cibiyar kanta sifili ce, gidan da ke biye da ita ne na ɗaya.